Wacce Ce Motar Malam?

Tashar Gwarzo, Laraba

Zuwaga Yaya Sa'adiya mai jego,

Asalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa wadda ko akori kura bazata dauketa lodi daya ba, ya ruwan zafi, ya kwanan Mahbub dan gidana, ya maigidanki Malam Hammadu, ya jikin Inna. Allah kara sauki amin.

Lukuman mai bas ya mikomin takardarki ina tsaka da cin wake da shinkafa. Na karanta sau biyu, na farko da sauri na biyu da hankali. Kince likitocin ido sun sa ma Inna ranar alhamis ta sama zasu cire mata yanar nan a Kano. Kince ta kafe ita bazata shiga kowace mota ba sai motar Baba. Kuma kince kar in kira waya, wai tunda idon ya rufe kunnen Inna ya koma na zomo, ko rada akai a zaure tana ji daga kuryar daki. To gashi na rubuto, kiyi hakuri da rubutun, hannun sitiyari ne ba na alli ba irin naki.

Yaya wannan ai ba matsala bace abin alfahari ne. Inna tasan abinda takeyi. Fijo ce fa 504, Dattijuwa da kanta, wadda Baba ya barmin. Da tsohuwar zuma ake magani. Motar nan ta girmi shugaban tashar mu, ta girmi titin da take hawa. Mitarta ta zagayo ta koma sifiri ta sake zagayowa, daga baya mitar ta gaji da kirge ta tsaya, ita kuwa motar ko tari batai ba. Tafiyar da tayi in aka mike ta wallahi ta wuce Makka sai dai a kirawota ta dawo. Shekaranjiya na cikata da geron Getso har saman rufi, ga fasinja ga akuya, ta hau tudun nan tana waka. Yaran nan masu sababbin motoci masu kwanfuta, ruwa na taba musu waya daya sai kiga sun zauna bakin titi suna kallon sama. Wa ke jawosu gari? Ni, da igiyar Baba da take but tun yana raye.

Kince in kawota kafin ranar don hankalin Inna ya kwanta. Angama. Kinsan lungun ku da ruwa ya cinye shiyasa kullum nake barinta bakin titi in tako da kafa, to asabar har kofar gida zan shigo da ita ko da zan dauketa a ka. Ki cema Inna ta shirya, autanta na tafe da amaryar Gwarzo.

Agaida kowa da kowa har mage.

Naki kaninki
Maikudi Direba, sarkin titin Gwarzo

*

Kabo, Asabar da yamma

Zuwa ga ƙanena Maikuɗi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan ka isa gida lafiya, ka tarar da Badi'a da yara lafiya.

Ka tafi kana dariya kana cewa rigimar tsufa ce, don haka bari in faɗa maka abin da ka bari a gidan nan.

Kai ma ka ga yadda Inna ta shafa ƙofar motar ta gane ta, ta sami maɗaurin nan na waya da Baba ya yi wa hannun ƙofa, ta zauna a kujerar gaba ta yi masa addu'a. Ka kuma ga yadda ta buɗe ƙofa ta sauko da ka tayar da inji. Abin da ba ka gani ba shi ne, tun da ta shiga ɗaki ba ta ci komai ba. Na kai mata fura ta ce in ajiye. Sai maimaitawa take yi: "Jikin nasa ne, amma muryar ba tasa ba ce."

Maikuɗi, ba rigima take yi ba, tsoro take ji. Ka tuna Gwaggo Zinnira da aka ɗauka a sabuwar motar ɗanta zuwa asibiti a Kano, aka dawo da ita a likkafani? Tun ranar Inna take cewa motar Malam, wato Baba, ita ce kaɗai ba ta taɓa kai mutum asibiti ta dawo babu shi ba. Ita ta kai ta haihuwarka da ta zo da gardama, ita ta kai ni da na karye. Na yi mata wa'azi, Malam Hammadu ya yi mata, ta ce ta sani rai na hannun Allah, amma ita dai a bar ta da motar Malam.

Likitocin nan baƙi ne, ba zama za su yi ba. Wanda ya duba ta ya ce yanar ta nuna sosai, in aka ƙara jinkiri ba lallai aikin ya yi amfani ba. Ta kusa shekara biyu ba ta ga hasken rana ba. Mahbub da take goyo ba ta san fuskarsa ba.

Ka faɗa mini ba tare da wasa ba: me ya sami injin motar Baba?

Ka gaida Badi'a.

Yayarka,
Sa'adiya

*

Tashar Gwarzo, Lahadi

Yaya Sa'adiya,

Salamu alaikum, gaisuwa da fatan alheri, ya ruwan zafi, ya Inna, ta ci abinci kuwa? Dan Allah a dama mata kunun tsamiya tana so.

Kince me ya sami inji. Ba abinda ya sameshi Yaya, lafiyarsa kalau, ko dazu ya wuce ta gabana da lodin Kutama yana kida kamar kalangu. A motar Hambali yake.

Tsaya kar ki daga murya Inna zata ji. Bari in warware miki, nima saida na zauna na tuna don wallahi na manta ma anyi haka.

Kinsan Hambali abokina, dogon nan mai hakorin makka, shima Fijo gareshi irin tawa sak, fara, sai dai tasa bata kai tawa kwarjini ba. To bara da damina wani bijimi a kasuwar Getso yaga fuskarsa a jikin Dattijuwa saboda sheki, ya dauka abokin fada ne, ya ja baya ya zuba mata kaho ta bangaren direba. Bijimin yafi jin jiki amma itama saida aka kaita wurin mai bugun bodi. A satin kuma Hambali da rashin hankali ya afka rafi da tasa inji ya sha ruwa. Kinga ni ina da inji ba bodi, shi yana da bodi ba inji, ga iyali suna jiran cefane. Sai Muntari bakanike yace to ku hada mana. Ya dauki injin Baba ya dora a bodin Hambali muka ringa karba karba, yau ni gobe shi. Da aka gama bugun bodina, shima injin Hambali an gama shanyashi an gyara yana ajiye a kasa, sai Muntari yace inji da ya zauna lafiya ba'a tashinsa, ya dauki na Hambalin ya jefa a tawa. Shikenan kowa ya kama hanya.

Yaya wannan ba wani abu bane, duk masu Fijo a tashar nan haka muke, motocin yan uwan juna ne, kayan wannan na shiga jikin waccan kamar hular liman a kan ladan. Aro ne. Hon dina ma yana wurin Hambali, safayar tayarsa tana wurina, madubin dama kuwa ba wanda yasan na waye. Shiyasa basa mutuwa ai. Kuma fasinja dubu nawa na dauka tun bara ba wanda yace uffan, sai Inna daga murda makulli. Ni kaina da nake kwana da motar ban taba jin banbanci ba. Yau da safe na sa Hambali ya tayar da tasa na tayar da tawa na tsaya tsakiya na rufe ido. Yaya duk daya naji. Wai Hambali yace ta Baba tana da wani dan kit kit a kasa kasa. Ni dai ban ji kit ba ban ji kat ba.

To yanzu tambaya nake, ki tayani don kaina ya daure. In Inna tace motar Malam, bodin take nufi ko injin? Tunda muryar take nema, gobe litinin zan karbo ta Hambali in zo da ita. Fara ce itama, Inna kuma ba gani take ba. Kiga aiki da ilimi.

Ki shafamin kan Mahbub.

Naki
Maikudi mai dabara tara

*

Kabo, Litinin

Maikuɗi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa a taƙaice.

Da ma ba ka zo ba.

Kai kana waje ba ka ga farkon abin ba. Tana kan tabarma tana lazimi, tun motar na bakin titi ta ɗaga kai. Ta ce, "Ke, ji." Ta miƙe ba sanda, ba ta jira na kama ta ba, ta bi bango har zaure tana hawaye tana cewa, "Ga Malam nan, ga shi nan." Rabon da in ga ta yi sauri haka tun Baba na da rai.

Sauran a gabanka aka yi. Ta laluba hannun ƙofa ba ta sami wayar Baba ba. Ta shafa kujera ta ji leda, ta Baba kuwa yadi ce. Sai ta juya. Kai kuma ka bi ta da cewa wai wanki aka yi wa motar shi ya sa ta canza. Wane irin wanki ne yake mayar da yadi leda?

Yanzu abin ya wuce inda muke zato. Ba kai take zargi ba, kanta take zargi. Ɗazu ta kira ni ta ce, "Ranar Asabar hannuna ya ce ita ce, kunnena ya ce ba ita ba. Yau kunnena ya ce ita ce, hannuna ya ƙaryata. Ko dai hankalina ne ya fara bin idon?" Ta ce wanda kansa ya ruɗe me zai yi da ido, a bar wa masu rabo layin.

Na so in faɗa mata gaskiya, Malam Hammadu ya hana. Ya ce in ta ji an raba motar Baba gida biyu, ko ɗaya ba za ta shiga ba, kuma ina ganin yana da gaskiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mun riga mun makara. Ka je wurin Muntari yau ɗin nan, ya mayar da injin Baba cikin jikin motar Baba kafin Alhamis. Ba shawara nake ba ka ba.

Yayarka,
Sa'adiya

*

Tashar Gwarzo, Talata

Yaya,

Salamu alaikum, ya gida ya jego ya Inna. Takardarki ta hanani cin tuwo jiya, Badi'a har ta dauka zazzabi ne.

Naje wurin Muntari kamar yadda kika bada oda. Na sameshi zaune da hannun dama a daure cikin karare, wai babur ya kadashi hanyar gona. Yace ko cokali da hagu yake dauka balle inji. Nace to ka tsaya kana fada ni da Hambali muna kwancewa. Yace ku biyun nan in kuka kwance inji yau sai babbar sallah za'a gama nemo notina. Na zaga wurin sababbin makanikan bakin kasuwa, yaro ya bude gaban Dattijuwa ya leka ya leka yace Alhaji ina ake jona kwanfuta. Nace a goshinka. Na rufe abata na taho.

Na dawo tasha na baje maganar don in samu mafita, ashe wuta na kunna. Rabin tasha sunce mota bodi ce tunda lamba a jikinsa take. Rabi sunce inji ne, bodi ai likkafani ne kawai. Shugaba yace takarda za'a duba, aka dauko takarda, lambar bodi tana jikin tawa lambar inji tana jikin ta Hambali, shugaba ya ninke ya bani yace Allah ya kyauta. Mai goro yace in aka sa ma akuya kan tunkiya da wane suna za'a saida ta. Saura kadan a dambace, har lodi ya tsaya fasinja ma sun shiga musun. Bayan la'asar na tare liman na tambayeshi, yace shi rabon gado ya karanta bai karanta hadin gado ba.

Yaya ni yanzu ko motar na shiga sai inji kamar bakon wani ne. Shekara guda ina cika baki da injin Hambali, shi kuma yana can yana cin abinci da na ubana. To ni motar wa nake tukawa?

Amma ki saurara. Allah baya barin bawansa. Yau da hantsi na tarar da wani mai sabuwar mota ta mutu masa hanyar Kutama, irin mai kwanfutar nan. Na dauko igiyar Baba na daura na jawoshi, shi yana ciki yana rike da sitiyari. Da muka iso gari ya fito yace direba tunda na sayi motar nan ban taba jin dadin tafiya irin yau ba, ina zaune a kujerata ina jin karar injinka a gaba kamar nawa. Nace nagode, sannan na tuna ashe Hambali yake yabo. Ina cikin nade igiya sai wani abu ya fadomin a ka, dam, saida na zauna a kasa.

Bazan rubuta ba kar ki hana. Ki dai shirya Inna alhamis ana sallame asuba. Kice mata an gano matsalar, salansa ce ta toshe ranar asabar, ranar litinin kuma kuskure akai aka kawo motar makwabci. Ki tabbatar mata hankalinta garau yake, yafi na duk tashar Gwarzo. Badi'a zata rakata tunda ke bakiyi arba'in ba.

Abu daya nake roko. In kin fito rakiya kika ga abinda kika gani, ki toshe bakinki da mayafi. Kar kiyi dariya kar kiyi salati.

Naki
Maikudi, in Allah ya yarda

*

Tashar Gwarzo, Asabar

Yaya Sa'adiya,

Asalamu alaikum warahamatullahi, barka da arziki, barka da arziki, barka da idon Inna. Jiya da muka sauketa ba halin magana tana tsaye, shiyasa na ajiye kaya na gudu. Ga labarin tun daga kofar gidanku.

Kin dai ga yadda muka tashi, kuma nagode da kika cusa mayafi a baki, naga kafadarki na rawa. Motar Hambali a gaba da injin Baba, Dattijuwa a baya da kujerar Baba, igiya ninki biyu a tsakani. Inna ta shafa kofa ta samu wayarta ta zauna. Badi'a ta daga dankwali ta taga alamar mun shirya, Hambali ya tayar a gaba, ni kuma na murda makullin karya a baya. Kinga yadda Inna ta karkata kai tana saurare. Sai tace bismillahi, muje.

Bamu kai Rimin Gado ba ta fara. Tace Auta yau muryarta daga gaba take fitowa. Nace ai Inna dama inji a gaba yake. Tace kuma kujerar bata rawa. Nace gwamnati ce ta gyara hanya. Muka fada wani rami saida kanta ya kusa taba rufi, tace wannan ce gyararriyar? Nace nan basu iso ba tukuna. In naji Hambali ya canza giya nima sai in kada sandar giyata a banza don taji motsi. Birki kuwa tunda inji a kashe yake sai da kafa biyu, duk gangara ina salati a ciki ina mata hira a waje. Gumi har cikin takalmi.

Wajen Janguza wani ma'aikacin hanya ya daga mana hannu. Ya nufoni zai bude baki na dora yatsa a lebe na nuna masa Inna. Hambali ya jashi gefe ya karanta masa komai. Saida mutumin nan ya dafa bishiya don dariya, sannan yazo taga ya cire hula yace sannu Inna Allah bada lafiya, wannan mota taki ba irinta a Kano. Inna tace ta Malam ce. Yace naga alama.

Yaya ki jinjina ma injin Baba. Mota biyu ya ja, da mutum hudu da kwanukan abinci da katifar Badi'a, tun daga Kabo har kofar asubiti ko zafi baiyi ba. Sababbin motoci suna wucemu suna mana hon, biyu daga ciki mun tarar dasu a gaba an bude musu baki.

Aikin kuwa kafin in gama cin rogo an fito da ita da auduga a ido daya. Suka ce sai washegari a bude. To nan ne na tafka. Shirinmu da Hambali shine da safe kafin a bude mata ido mu kwance igiya ya boye tasa bayan katanga, in yaso a san karyar da za'a yi. Sai masu jinya suka taru suna kallon motocin suna tambaya. Kinsan ni da jama'a. Na hau kan gaban mota ina basu tarihi tun daga bijimi, na kawo daidai Janguza kenan ina kwaikwayon muryar Inna, naga mutane sun daina dariya suna kallon bayana.

Na juya. Inna ce tsaye da bakin gilashi, Badi'a na rike da jakarta, ita kuwa ba mai rike da ita.

Ta kalleni tun daga hula har silifa tace Auta ashe kayi tumbi. Wallahi Yaya sai hawaye, ni da ban yi kuka ba ko ranar bijimi.

Sannan ta juya kan motoci. Ta zaga ta gaba ta zaga ta baya. Ta cema Hambali kai dogo tayar. Ya tayar, ta saurara. Tace kashe. Tazo ta kama hannun kofar Dattijuwa ta dade tana kallon wayar nan. Sai ta sunkuya ta dafa igiya, ta bi ta da yatsa har wurin kullin, tace wannan tufkata ce, da zaren buhun taki na yi ma Malam ita. Ta mike. Ta bude kofa ta zauna.

Nace to asiri ya riga ya tonu bari in kwance in tayar da tawa mu tafi kamar mutane. Na kai hannu kan kulli tace kar ka kuskura. Haka muka dawo a daure, ido biyu, tsakar rana, duk Kabuga na kallonmu. Tun daga Kano har Kabo bata ce min kanzil ba. Gonaki take kallo, ta kalli igiya, ta kalli keyar Hambali. Na jefa wasa daya ya fadi kasa ba wanda ya dauka.

To Yaya ni ban gane ba. Fushi take? Dani ko da Hambali ko da bijimi? In fushi take me yasa ta hana a kwance? In ba fushi take ba me yasa tai shiru? Badi'a tace in bari ta huce, nace wa yace miki tayi zafi, tace wa yace maka batai ba. Ko tashar ma an sake rabuwa biyu.

Ki fada mata munyi magana da Hambali, hannun Muntari na warkewa za'a maida ma Baba injinsa cikin bodinsa, har hon din. Na rantse da girman Dattijuwa, ko wacce ce a cikinsu.

Ki rubuto da sauri Lukuman zai juyo da yamma. Taga Mahbub? Me tace?

Naki kaninki
Maikudi

*

Kabo, Lahadi

Maikuɗi,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Ta ga Mahbub, ta ce kunnuwanka ya ɗebo, Allah ya sa ya tsaya nan.

Ta kama ni da takardarka a hannu, ta sa na karanta mata tun daga sama. Da na zo wurin mayar da inji ta ce in tsaya, in rubuta maka wannan yadda ta faɗa:

"Kar wanda ya taɓa ko noti ɗaya. Yadda suka kai ni suka dawo da ni, haka za su sake. Dogo a gaba, Auta a baya."

Likita ya ce ido na biyu sai wata mai kamawa in sun dawo. Ka adana igiyar, ta ce in ta tsinke kai za ta tufka.

Ka gaida Badi'a da Hambali. Allah ya yi albarka.

Yayarka,
Sa'adiya